Ja Ce Ko Ruwan Hoda

"Ku tura! Ku tura mana! Kai mai aski, ba ƙeyar mutum ba ce da za ka lallaɓa, sa ƙarfi!"

Baba Direba ne ke ba da umarni daga kan kujerar roba a ƙofar gidansa, bargo a gwiwa, sanda a hannu yana nuni da ita kamar mai ba da hannu a mararraba. Masu turin su biyu ne: mai askin da shagonsa ke kallon gidan, da Dogo mai wankin mota, maƙwabcin da katanga ɗaya ce ta raba su da Baba. Motar kuwa tafiya take tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, don ta yi shekaru a gindin katanga rana na gasa ta, sai da safiyar nan Dogo ya ba tayoyinta iska. So ake a kai ta ƙarƙashin rumfar kwanon da yake aiki.

Inna, matar Baba, ta leƙo daga ƙofa, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

"Ku bi a hankali da ruwan hodar nan, kada ta watse muku a hanya."

"Ja ce," in ji Baba, ko juyowa bai yi ba.

"Ruwan hoda."

"Ja ce, Kwandasta! Ja aka haife ta, ja za ta mutu."

"To, Allah ya ƙara maka lafiyar ido, Direba."

Wannan musu ya girmi yawancin yaran layin. Da motar nan Baba ya yi haya tun yana da baƙin gashi, da ita ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, har ƙafafunsa suka daina jituwa da birki ya jingine ta. Rana da ruwan sama suka yi ta cin fentin a hankali, launin ya koɗe, ya yi fari-fari, in ka shafa sai ya bar maka gari a yatsa kamar alli. Duk wanda ya tashi a layin, ruwan hoda ya san ta. In baƙo ya nemi kwatance cewa ake, "Ka miƙe, in ka ga mota ruwan hoda ka sha kwana." Baba na ji sai ya ɗaga murya daga kujerarsa: "Ja! Kada ku ɓatar da bawan Allah!" Inna kuwa, wadda yake kira Kwandasta don a cewarsa tun da ya auro ta take zaune a gefensa tana ihu, ita ce shugabar 'yan adawa. Da musun suke karyawa, da shi suke rufe ƙofa.

To, a 'yan watannin nan zuciyar Baba ta gaji. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai ya yi ciniki da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce a bar shi ya huta, ya ci abin da ransa ke so. Kowa ya ji maganar, kowa ya gane, ba wanda ya maimaita ta.

Shi kuwa Dogo, magidanci ne mai 'ya'ya uku, ya daɗe yana wankin mota da bokiti da soso. Bana ne ya ce shi ma zai hau mataki. Ya sayi injin goge fenti na hannu daga wani mai fenti da ya tashi daga garejinsa, ya sayi folish, man goge fenti, ya sayi tsummoki masu laushi, ya kalli bidiyon masu goge mota a waya har matarsa ta fara ce wa wayar aminiyarsa. Abu ɗaya ya rage: mota. Duk wanda ya kawo wanki in Dogo ya ce, "Alhaji, ko a ɗan goge maka ita?" sai ya tambaya, "Ka taɓa yi?" Daga nan sai maganar ta mutu.

Baba ne ya kira shi ta kan katanga ran nan.

"Dogo, injin nan naka ado ka saye shi?"

"Wa zai ba ɗan koyo motarsa, Baba?"

"Ni. Ga ta can. Ka koya a kanta, ba na neman komai. Sharaɗina ɗaya ne: ka fito min da jan da ke cikinta, matar nan ta gani da idonta, ta faɗa da bakinta, a gaban shaida, kafin a zo ɗaukata."

"Ɗaukarka zuwa ina kuma, Baba?"

"Kai dai yi aikinka. Ni direba ne, in an kusa tasha ina ganewa."

Abin da ya kai motar rumfar Dogo ke nan.

Wankin farko kawai ya ci yini guda. Dogo ya fitar da busasshen ganye daga gindin gilas, da gidan rina daga bayan madubi, da takalmin wani yaro da aka daɗe da yi wa duka a kan ɓatansa. Ya wanke ta, ya sake wankewa, ya shafa da tafin hannu ya ji ko da sauran tsakuwa, don masu bidiyo sun ce ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin soso sai ta zane mota kaf. Washegari ya jawo wayar wuta, ya ɗaura soso a bakin inji, ya ɗiga folish. Mai aski ya baro shagonsa ya zo kallo, ya sunkuyo har gemunsa na neman taɓa bonet.

Dogo ya manta cewa sai an ɗora inji a jikin mota ake kunna shi. Yana danna maɓalli a sama, sai folish ya yi tsalle, fat-fat-fat, ya sauka a gemun mai aski da rigarsa da gilashin idonsa.

"La ilaha! Motar aka ce ka goge ko ni?"

"Yi haƙuri, maigida, gwaji ne."

"Gwajin ya yi kyau. Ni na tafi, in ka gama kashe ta ka aiko a yi min gaisuwa."

Da ya rage shi kaɗai, Dogo ya yi bisimilla, ya ɗora soson a kusurwar bonet, ya kunna. Injin ya yi gurnani, ya ja hannunsa hagu, ya dawo da shi dama. Ya ɗan bi wuri kamar faɗin matashin kai, ya kashe, ya ɗaga ya duba soson.

Ja. Ja wur, kamar an yanka kaza a kai.

A duk bidiyon da ya kalla, magana ɗaya suke nanatawa: fentin mota yana da wani ruwa garai-garai a samansa, shi ake gogewa, ba ya ba da launi. In ka ga launin mota a sosonka, to ka huda wannan ruwan, ka gama da fenti, sai dai a sake feshi. Ya ɗauki farin tsumma ya share wurin da sauri, tsumman ma ya rine. Wurin ya yi duhu a tsakiyar farin fenti kamar ciwo. Nan ya tuna a garejin da ya sayi injin ya ga motocin da aka kankare, an shafa musu wani jan fenti na ƙasa kafin a yi na gaske. Shi ke nan, ya ce a ransa, na cinye na sama, na isa na ƙasa. Motar mutumin da ke kwance, motar da ya fi so bayan Inna, ko ma tare da Inna.

Ya waiga hagu da dama, ya cire soson, ya dunƙule shi da tsumman, ya shiga gida ya cusa su a wani bokiti a bayan ƙofa, ya jefa tsohon buhu a kai. Ya dawo ya lulluɓe motar da tampol, ya danne gefuna da duwatsu.

Daga ranar Dogo ya zama mai uzuri.

"Dogo, yaya jan namu?"

"Baba, wuta ce ba ta da ƙarfi yau."

"Dogo, ina aka kwana?"

"Baba, folish ɗin sai ya ɗan kwanta tukuna."

"Folish ne ko jariri?"

Ya koma fita ta bayan gida don kada su haɗa ido. Abinci ma sai ya sa hannu ya cire. Yana cikin wannan ɓuya kujerar roba ta daina fitowa ƙofar gida kullum, sai ranar da jiki ya yarda. Aka jawo gadon Baba kusa da tagar da ke kallon titi don ya sha iska. Duk safiya in Dogo ya ji tari ta katanga sai ya ji kamar da shi ake magana.

Allah ya sa matar Dogo mace ce mai sauri, ba ta duba bokiti kafin ta zuba ruwa. Ranar wanki ta fizge buhun nan, ta antaya fararen rigunan makarantar yara, ta bi su da ruwan zafi da garin sabulu, ta tafi ta ɗora tukunya. Da ta dawo ta tsoma hannu, layin gaba ɗaya sai da ya ji.

"Baban yara! Baban yara, fito! Wane ne ya sa min jan abu a cikin wanki? Dubi rigar yaron nan! Jan me ne wannan?"

Dogo ya fito yana mata alama da hannu ta rage murya. Ina! Wanda ya san matar Dogo ya san ba a gina ta da wannan maɓallin ba.

Sai ga murya ta katanga, siririya amma a tsaye.

"'Yata! Me kika ce? Wane launi?"

"Ja, Baba! Ja wur! Wani tsumma ne da soso ya cusa min a bokiti!"

"Kawo su nan. Ki taho da mijin naki, kada ya gudu. A kira min mai aski!"

Haka aka shiga ɗakin Baba a jere kamar masu zuwa kotu: matar Dogo a gaba da tsumma a hannu ɗaya, rigar makaranta a ɗaya, suna ɗiga, Dogo a baya kansa a ƙasa, tsawonsa duk ya zame masa kaya, mai aski da almakashi a aljihu, ya baro mutum da rabin kai. Inna na zaune a bakin gado tana yi wa Baba fifita.

Dogo ya durƙusa. "Baba, na yi ɓarna. Na cinye fentin. Tun ranar farko ne, na rasa bakin da zan faɗa maka."

Baba bai ko dube shi ba. Ya miƙa hannu aka ba shi tsumman, ya baza shi a kan bargo, jiƙe da shi da komai. Ya kalle shi, ya kalle shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta zo da tari, tarin ya wuce ta dawo, har Inna ta tallafo kansa tana cewa, "A hankali, kada ka tafi a kan tsumma."

"Mai aski," in ji Baba da ya samu numfashi, "don girman Allah, wannan wane launi ne?"

Mai aski ya gyara gilashi. "Gaskiya dai, Baba... ja ne."

"Daga jikin me ya fito?"

"Daga motarka."

"Alhamdu lillahi! Kwandasta, kin ji?"

Inna ta miƙa hannu ta karɓi rigar makarantar daga hannun matar Dogo, ta yarfe ta, ta ɗaga ta sama. Farar riga ta koma launin da kowa a layin ya sani.

"Wannan fa, mai aski? Daga jikin me ya fito?"

Mai aski ya dubi riga, ya dubi tsumma, ya ce shi yana da mutum a kujera.

Sai da aka gama dariya Baba ya dafa kan Dogo. "Tashi, ɗana. Waɗancan na wayarka motocin yanzu suke gogewa, masu riga biyu. Tawa 'yar da ce, rigarta ɗaya, launin ne a waje. Duk ranar hutu nake goge ta da hannu lokacin ina aiki, ban taɓa ɗaga tsumma ya fito fari ba. Wanda ya mutu ne yake fita, mai ran yana ƙasa yana jiranka. Kai ka ga jini ka gudu, ashe haihuwa ce."

"Na ɗauka fentin ƙasa na taɓo, Baba."

"Na ƙasan toka-toka ne, ni na san kayata. In ka gan shi, to ranar ka zo ka durƙusa. Yanzu jeka, ka ci min kwanaki, kuma ba ni da su da yawa a aljihu."

Dogo ya fita kusan da gudu. Ya yaye tampol, ya ɗauko sabon tsumma, ya share kusurwar nan sosai, ba sharar mai tsoro ba. Ya sunkuya. Wani dogon mutum mai jajayen idanu ya leƙo shi daga cikin bonet, da kwanon rumfa a bayansa, har da ƙusoshin.

Kwanakin da suka biyo baya, layin bai taɓa ganin irinsu ba. Ranar da jikin Baba ya yi sauƙi, Dogo da mai aski sukan ɗauko shi da kujerarsa su ajiye a inuwar rumfa, ya zauna yana koyarwa da sanda.

"Hannunka ya yi nauyi. Ba ƙanzon tukunya kake kankara ba. Bar injin ya yi tafiyarsa, kai rakiya ce taka."

"Folish ɗin ya yi yawa, Dogo. Ɗigo kamar ƙwayar wake, ba kamar kana shafa wa yaro mai ba."

"Taɓa da bayan hannu. Da zafi? To bar ta ta huce, ita ma tsohuwa ce."

Dogo ya koyi bin wuri kaɗan-kaɗan, layi na hawa kan layi, a tsaye sannan a kwance. Ya koyi wanke soso in ya toshe da mataccen fenti, ya koyi rufe roba da ƙarfen ado da salatif, ya koyi cewa rana abokiyar gabar folish ce, tana busar da shi kafin ya yi aiki. Ya kuma koyi cewa fenti ya fi siranta a kan kaifin ƙarfe, amma wannan da tsada ya koye shi: ya daɗe a gefen ƙofar baya, sai ga toka-toka ya leƙo, kamar faɗin farce. Ya je ya durƙusa kamar yadda aka ce masa. Baba ya duba ya ce, "Ni ranar da na fara tuƙi katangar maigidana na rushe. Ci gaba."

Bonet ya fito. Ƙofar direba ta fito. Mata masu zuwa kasuwa suka fara tsayawa suna gyara ɗankwali a jikinta. Yara suna zuwa su yi mata gwalo su ga ta rama. Wani mai babbar mota da ya saba kawo wanki ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Dogo, in ka gama da wannan ka sa ni a layi." Dogo ya ce to, a ransa kuwa kamar ya yi tsalle ya taɓo kwano.

Inna kaɗai ta ƙi. Kullum za ta fito da kofin ruwan Baba da ƙwayoyinsa, ta zagaya motar tana taɓe baki.

"Yaya, Kwandasta?"

"Ta dai yi wanka."

"Launin nake tambaya."

"Ruwan hoda mai duhu."

Washegari ta ce ruwan goro. Wata rana ta ce ita hasken ya kashe mata ido, ba ta ganin komai. Baba ya yi ta kiran mutane shaida, har mai kawo wasiƙu sai da aka tsayar.

Abin ya fara damun Dogo, don yana ganin yadda kujerar ke ƙara sauƙin ɗauka. Ran nan da Inna ta zo karɓar kofi ita kaɗai, ya kashe inji.

"Inna, don Allah ki faɗa masa mana. Kalma ɗaya ce."

Ta dube shi, ta dubi bonet. Fuskarta ta fito a ciki, da duk layukanta.

"Kai yaro ne, Dogo. A cikin motar nan aka kawo ni gidan nan, kana tsammani ban san launinta ba? Mutumin nan abinci ya daina yi masa daɗi, barci ya daina. Abu ɗaya ke tashe shi da safe, ya ji me zan ce. In na ce ja, gobe ya tashi ya yi me?"

Dogo ya ajiye injin a ƙasa.

"Amma kada ki daɗe, Inna," ya ce a hankali.

"Ni ce kwandasta. Na san inda ake sauke fasinja." Ta ɗauki kofinta. "Kai dai ka yi sauri da ruwan hodarka."

Bai samu ya gama ba. Ya yi bonet, ya yi rufi, ya yi gefen direba tun daga fitilar gaba har but ɗin baya, saura gefe guda cur, sai aka wayi gari Baba bai iya zama. Babbar 'yarsu ta zo da jakarta ta kwana. Daga kan gado ba ya ganin komai ta taga sai sama da wayoyin wuta, ko an tallafo shi kansa ba ya kaiwa.

Da rana ta karkata Dogo ya shiga gaishe shi. Baba ya buɗe ido.

"An gama?"

"Saura gefe ɗaya, Baba."

"Gefen Kwandasta ne, ba komai." Ya ɗan huta. "Na so in gan ta a rana. Ja a inuwa rabin ja ne."

Dogo ya fito ya tsaya a ƙofar gida yana duban titi. Rana ta sauko daidai kan rufin shagon mai aski, tana dukan bangon ɗakin Baba. Ya dubi taga, ya dubi rumfarsa. Sai ya ƙwala kira.

"Mai aski! Maman yara! Ku fito a yi turi!"

Matarsa ce ta shiga ta riƙe sitiyari, tana cewa ita fa ba ta san birki ba, kowa ya yi ta kansa. Mai aski ya zo da tawul a kafaɗa, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da kumfa a haɓa. Aka turo ta daga inuwa, aka juya ta, aka matso da ita har madubinta na gogar bango, gefen da aka goge yana fuskantar rana, bonet a ƙarƙashin taga. Dogo ya bi ta da busasshen tsumma sau ɗaya, ya ruga ciki ya yaye labule gaba ɗaya.

Hasken ya shigo. Ya bugi silin, ya gangaro bango, ya kwanta a kan farin zanen gado. Ɗakin nan da ya sha warin magani ya koma kamar cikin kankana. Kofin ruwa ya yi ja, agogon bango ya yi ja, farin gemun Baba ya yi ja.

Baba ya daɗe yana kallon silin, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ga ta nan," ya ce. "Haka take ranar da na fito da ita."

Inna na zaune a gefensa. Ta juya tafin hannunta a cikin hasken, ta sake juyawa.

"Kwandasta."

"Na'am, Direba."

"Wane launi ne a hannunki?"

Mai aski ya leƙo da kansa ta taga, matar Dogo a bayansa tana ɗage.

"Ja ne," in ji Inna.

"Motar fa?"

"Ja ce, Direba. Ja ce tun ranar."

"Ban ji ba. Kin san kunnen nan nawa."

"Kunnenka lafiyarsa lau, tsohon rigimamme. Na ce ja ce!"

"Mai aski, ka ji?"

"Na ji, Baba, da kunnuwana biyu!"

"Dogo?"

"Na shaida, Baba."

"To a faɗa wa masu kwatance." Ya lumshe ido, murmushi ya tattare masa fuska. "Shekara da shekaru... Kai, na sha wahalar matar nan."

Aka yi dariya har da 'yarsu, wadda ke yi tana share ido da gefen mayafi. A waje yara suka ɗauka, suna zagaya motar suna waƙa, "Ja ce! Ja ce!" Baba ya nemi shayi, ya sha kurɓi biyu, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Hannunsa na cikin na Inna har hasken ya hau bango ya fice.

Da safe, bayan an share ƙofar gida, kafin mai aski ya buɗe shago, Baba Direba ya sauka. Inna ta ce ba wahala, kamar wanda ya kashe mota ya jingina kai. Allah ya jiƙansa.

Da baƙi suka ragu, aka kwashe tabarmi da kujerun aro, Dogo ya mayar da motar rumfa don ya ƙarasa gefen da ya rage. Ya gama ƙofar baya, ya matso ta gaba, sai ya ji takun silifa. Inna ce, ta jawo kujerar robar nan da kanta, ta ajiye a inuwa ta zauna.

"Sannu da aiki, Dogo."

"Yawwa, Inna. Yau in Allah ya so zan gama."

"Kafin ka gama, zo." Ta nuna ƙofar gaba da yatsa, ƙasa da hannun buɗewa, inda fentin yake a koɗe har yanzu. "Ka bar min nan. Kamar tafin hannu ya isa."

"A bar shi haka, Inna?"

"Haka. In na je can zai tare ni da maganar, na san halinsa. Ka ga sai in ce ai ba duka ba."

Dogo ya yi dariya, ya juya ya nemi salatif. Inna ta ɗora tafinta a jikin ƙofar, ya zagaye shi da salatif ɗin a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta janye hannu ta koma kujera.

Ya ɗiga folish, ya ɗora soso a jikin mota, sannan ya kunna. Jan ya riƙa fitowa a kewayen 'yan yatsu biyar ɗin, Inna na zaune da hannuwanta a cinya, tana kallo.